Wa Ya Cinye Kuɗin Tara?

Wata ranar Alhamis da safe, ƙanena da ke aji biyu na babbar sakandare ya tsaya a ƙofar ɗakin Inna da jaka a kafaɗa, ya ƙi motsawa. An ba shi naira ɗari biyu kuɗin tara kamar kullum, shi kuwa ya kafe a kan ba za su ishe shi ba.

"Inna, ina aji ɗaya da naira ɗari nake ƙoshi, har in sayi ruwa. Yanzu ƙosan ɗari biyu ko rabin cikina ba ya kaiwa. Wallahi mai ƙosan makarantarmu son kuɗi ya yi mata yawa."

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Babanku bai ƙara ko kwabo a kuɗin cefane ba. Ka yi haƙuri ka tafi, kada a rufe ƙofa."

Ya tafi yana gunaguni, amma maganarsa ta tsaya mini a rai. Ina aji biyu a jami'a a nan Gusau, ina karanta ilimin tattalin arziki, kuma na san ba shi kaɗai ke zargin mai ƙosai ba. Da yawa daga cikinku, ƙannena ɗalibai, kun taɓa jin haushin mai shago, ko mai Keke Napep, ko mai sayar da littattafai, saboda abin da kuka saya jiya yau ya tashi. Da ya dawo na ce masa ranar Asabar zai raka ni Bungudu wurin Gwaggo, wadda ta daɗe tana tuyar ƙosai kusa da wata makaranta. Na ce ya taho da biro da tsohon littafinsa, mu gano wanda ya cinye masa kuɗin tara.

Lissafin Gwaggo

Mun tarar da ita tana kwashe kaskon ƙarshe. Bayan mun gaisa na faɗa mata ƙarar da ƙanena ya kawo a kan masu sana'arta. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Zo nan ɗan nan, zauna ka rubuta. Wake ɗaya. Man gyaɗa biyu. Markaɗe uku. Itace huɗu. Tarugu da albasa biyar. Leda shida. A cikin shidan nan nuna mini wanda bai tashi ba."

Ƙanena ya yi shiru. Ta ci gaba: "In na ƙara kuɗi, yara su gudu. In ban ƙara ba, jari ya karye. Mi kake so in yi? Sai na canza cokali, na koma ƙarami. Ribar da nake samu yanzu ba ta sayen abin da ribar da ke sayo mini."

Wannan shi ne abu na farko da ya shiga littafin ƙanena: sau da yawa kaya ba ya ƙara kuɗi a fili, ƙanƙancewa yake yi. Ku duba burodi, ku duba ƙullin sukari da sabulun wanki, za ku ga haka. Abu na biyu kuma shi ne, mai ƙosai ita ce ta ƙarshe a layi. Ita muke gani, shi ya sa ita muke zargi. Amma ruwa ba ya tsami banza. A bayanta akwai manomi, da direba, da mai injin markaɗe, da masu karɓar haraji, da kuma waɗanda ke yanke hukunci a Abuja.

Mene ne hauhawar farashi?

Kowa ya san hatsi na tsada a tsakiyar damina, ya sauko da kaka. Tumatir na araha da sanyi, ya yi tsada idan ruwa ya sauka. Wannan hawa da sauka ne na lokaci. Hauhawar farashi kuwa ita ce kusan komai ya tashi tare, abinci da sufuri da haya da magani, ya kuma ƙi komawa inda yake. A taƙaice, takardar naira ɗari biyu tana nan yadda take, ƙarfinta ne ya ragu.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ke auna wannan. Kowane wata ma'aikatanta na bin kasuwanni suna rubuta farashin kayan da gidaje ke saya, sai a kwatanta da na bara a daidai wannan wata. A watan Mayun 2023 ta ce hauhawar ta kai kashi 22.41 cikin ɗari. Zuwa Disambar 2024 ta kai kashi 34.80. Ta ɓangaren abinci kaɗai, a watan Yunin 2024 ta haura kashi 40.

Ga ɗan lissafi irin na aji. Idan farashi ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara, abin da ka saya naira 200 bara zai koma kusan naira 270 bana. Idan ba a ƙara maka kuɗin tara ba, tamkar an zare maka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙosanka ne, ba tare da kowa ya taɓa aljihunka ba.

A farkon 2025 hukumar ta sabunta yadda take awon, adadin ya koma kashi 24.48 a watan Janairu, daga nan ya riƙa sauka. Sai dai a kula: saukar adadin ba ta nufin kaya sun koma farashinsu na da. Motar da ta taso daga Gusau za ta Tsafe, in direba ya rage gudu a Kwatarkwashi, ba Gusau ta juyo ba, gaba take yi a hankali. Haka farashi yake.

Tafiyar wake daga gona zuwa kasko

Mu ɗauki abu na farko a jerin Gwaggo. Kawunmu manomi ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Tsafe, yana noma gero da dawa da masara, yana kuma shuka wake a tsakani. Taken jiharmu, wanda ke kan lambar kowace mota, yana cewa noma ne abin alfaharinmu. To amma kafin tiyar wake ta fito daga gonar Kawu, ta riga ta ɗauki kaya.

Kaya na farko shi ne rashin tsaro. Ba wani ɗan Zamfara da ke buƙatar a yi masa bayanin wannan. A ƙauyuka da dama na Tsafe da Bungudu da wasu ƙananan hukumomi, 'yan bindiga kan aza wa mutane kuɗi kafin su bar su su yi shuka, su sake aza musu kafin girbi. Mutanen ƙauye ma haraji suke kiransa, amma haraji ne da babu rasit, babu rijiya ko aji ko gado a asibiti da zai fito daga cikinsa. Kawu ya bar babbar gonarsa ta nesa, ya koma noma 'yar ta bayan gari. Ku ƙiyasta manoma nawa suka yi haka, wasu ma suka bar ƙauyen gaba ɗaya suka dawo Gusau. Bakuna masu ci sun ƙaru a gari, hannuwa masu noma sun ragu a daji. Duk inda kaya ya yi ƙaranci masu nema suka yi yawa, farashi sai ya hau. Ko itacen Gwaggo wannan matsala ta shafe shi, domin masu shiga daji su yo shi da ransu a hannu suke shiga.

Kaya na biyu shi ne kayan aiki. Wake ba ya yi sai da feshi, masara ba ta yi sai da takin zamani. Yawancin magungunan feshi da wasu sinadaran haɗa taki daga ƙasashen waje ake shigo da su, da dala ake sayensu.

Kaya na uku shi ne hanya. Ɗan kabu-kabu zai ɗauko buhu daga ƙauye zuwa kasuwar Tsafe. Dillali zai karɓi la'ada, 'yan dako su karɓi nasu, a biya kuɗin kasuwa. Mota ta ɗauko zuwa Gusau, a hanya direba ya tsaya a shingaye, ba kuma kowane shinge ake wucewa hannu rabbana ba. Daga kasuwar Tudun Wada wani ɗan kasuwa ya sara ya kai Bungudu, Gwaggo ta auno tiya biyu. Duk hannun da buhun nan ya bi sai ya ɗora masa wani abu, kuma kusan kowane mataki da fetur ko gas ake yinsa. Har injin markaɗe ma mai yake sha.

Hukunci biyu daga Abuja

Wannan ya kawo mu ga ranar 29 ga Mayun 2023. A jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cewa tallafin man fetur ya ƙare. Mene ne tallafin? Gwamnati ce ke biyan wani ɓangare na kuɗin kowace lita domin a sayar wa jama'a da rahusa. A 2022 kaɗai wannan ya ci fiye da naira tiriliyan huɗu. Masu goyon bayan cirewa sun ce kuɗin sun yi yawa, har bashi ake ci a biya su, ana kuma fasa-ƙwaurin man mai rahusa zuwa ƙasashe maƙwabta, sannan mai motoci biyar ya fi mai keke amfana. Masu adawa suka ce shi ne kusan abu ɗaya tilo da talaka ke gani a ƙasa daga arzikin mai, kuma an cire shi ba tare da an shirya wa mutane abin dogaro ba. Kowane ɓangare na da hujjar da ta cancanci a saurara.

Abin da ya biyo baya dai kowa ya gani. Litar da farashinta na hukuma yake kusan naira 195 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan. A watan Yuli ta kai 617. Zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira dubu a wurare da yawa. Mu da ke nesa da teku abin ya fi yi mana nauyi, domin tankar da ta ɗauko mai daga Legas sai ta yi tafiyar kusan kilomita dubu kafin ta sauke a Gusau, ita ma mai take sha.

Hukunci na biyu ya zo a watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Kana iya cewa, "Ina ruwana da dala, ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba?" Alkamar burodinka daga waje take zuwa. Takardar littafinka, maganin zazzaɓinka, tayar babur ɗin da ke kai ka makaranta, da maganin feshin Kawu, duk dala na da hannu a cikinsu.

A watan Yulin 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. A ido ya ninka har da ɗori. Amma ku raba da kanku: naira 30,000 a kan 195 tana sayen lita kusan 154, ita kuwa 70,000 a kan 1,030 lita 68 kawai take saya. Sannan Gwaggo da Kawu ba su da albashi balle a ƙara musu.

Kai ma kana biyan haraji

Da na ce wa ƙanena shi ma mai biyan haraji ne, dariya ya yi, ya ce, "Yaya, ni da ko aiki ba ni da shi?" Sai na tambaye shi katin waya na nawa ya sa a makon nan.

Haraji iri biyu ne. Akwai wanda ake cira kai tsaye daga abin da mutum ya samu, kamar wanda ake zarewa daga albashin malaminku kafin ya shigo hannunsa. Akwai kuma wanda ke ɓoye a cikin farashin kaya. Mafi shahara shi ne harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020. A cikin katin naira dubu, kimanin naira 70 na gwamnati ne. Idan aka tura naira 10,000 ko fiye ta banki, akwai naira 50 da ake cira. Kayan da aka shigo da su daga waje an biya musu kuɗin fito a hannun kwastam, ɗan kasuwa kuma a kan mai saye yake fanshewa.

Matsalar harajin da ke cikin kaya ita ce bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba. Naira 70 ɗin da attajiri ya biya a katin dubu ita ce marayan da ke tallar ruwa zai biya. Shi ya sa ake keɓe kayan abinci na yau da kullum daga VAT. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, bayan doguwar muhawarar da gwamnonin Arewa suka shiga sosai a kan yadda za a riƙa raba kuɗin VAT. An tsara sabon tsarin ya fara aiki daga Janairun 2026. A cikinsa, wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba zai biya harajin kuɗin shiga ba. VAT ya tsaya a kashi 7.5. Wajen rabo kuwa, jihohi za su karɓi kashi 55, ƙananan hukumomi 35, tarayya 10.

Rigimar haraji ba yau ta fara ba a ƙasar Hausa. Ku tambayi kakanninku labarin haraji da jangali, lokacin da kowane baligi ke biyan kuɗin kansa, makiyayi ke biyan na kowace saniya, wanda ya kasa kuwa ya gudu ya bar gari ko ya sha wulaƙanci. Ƙin jinin wannan tsari na cikin abubuwan da suka tara wa Malam Aminu Kano magoya baya, har gwamnatocin jam'iyyar PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su bayan sun hau mulki a 1979. Abin da ya fi ƙona wa talaka rai a wancan lokaci shi ne yana biya, ba ya ganin abin da aka yi masa.

Me zai hana gwamnati ta ƙayyade farashi?

Wannan ce tambayar da ƙanena ya yi a mota muna dawowa, kuma na san da yawanku za ku yi ta. Amsar ita ce an taɓa gwadawa. A 1970 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar ƙayyade farashi. A 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, an tilasta wa 'yan kasuwa sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane suka riƙa bin dogon layi don samun madara da sukari da sabulu. Abin da kan faru shi ne, idan aka ce ɗan kasuwa ya sayar ƙasa da yadda ya saro, sai kayan su ɓace daga kanti su koma bayan fage da tsadar da ta fi ta da. Ku ɗauka an umurci Gwaggo ta mayar da babban cokali ba tare da wake da mai sun sauko ba. Kwana nawa za ta yi kafin ta kife kasko?

Garin Gusau kansa ya ga wani salon shigar gwamnati kasuwa. Bayan layin dogo ya iso a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama babbar cibiyar auduga da gyaɗa. Daga baya aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, su ke yanke farashin da za a sayi audugar manomi. Manomi ya samu tabbacin mai saye, amma sau da yawa ana biyansa ƙasa da farashin kasuwar duniya, rarar ta tafi asusun gwamnati. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin. Manomi ya samu 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, ya kuma rasa tabbacin da yake da shi.

Akwai waɗanda ku da kanku kuka gani. A watan Satumbar 2021, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun mai da abinci, an rufe kasuwannin mako a Zamfara, an hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, an kuma katse layukan waya. Manufar tsaro ce, amma mai kai akuya kasuwa ya sayo hatsi shi ma ya ji a jikinsa. A farkon 2023 kuma aka shiga wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na sayen koko, sai ya sayi naira da naira a wurin masu POS. Jiharmu na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara Kotun Ƙoli, wadda a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Misalin da ya fi koya mini darasi a cikin gidanmu ya faru. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da shinkafa da wake da za a shigo da su daga waje. Wannan, tare da amfanin da aka girbe, ya taimaka hatsi ya sauko a 2025. Inna ta yi hamdala, Gwaggo ma ta ɗan numfasa. Kawu kuwa ya zo gidanmu ransa a ɓace. Ya sayi taki da tsada, ga masara ta faɗi. Ya ce wa Inna, "Yaya, in haka za a yi, baɗi ba ni noma masara. Ina dalili in sayar da buhu biyu ko fiye kafin in sayi taki buhu guda?" Hukunci ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya na murna ɗaya na kuka. In kuma manoma irin Kawu suka janye, tsadar da aka kora ta ƙofa za ta dawo ta taga.

Wannan ba ya nufin gwamnati ta naɗe hannu. Akwai abin da ba mai iya yi sai ita: ta tsare daji Kawu ya koma babbar gonarsa, ta gyara hanya, ta kawar da shingayen karɓar kuɗi na haram, ta sa taki ya isa hannun manomi na gaskiya a kan lokaci, ta hukunta masu haɗa baki su ɓoye kaya. Waɗannan su ke rage tsada daga tushe. Abin lura dai shi ne, duk lokacin da gwamnati ta sa hannu a kasuwa akwai wanda ya samu, akwai wanda ya biya.

Ina kuɗin suke tafiya?

Tun da aka cire tallafi, kuɗin da ake rabawa duk wata daga asusun tarayya zuwa jihohi da ƙananan hukumomi sun ƙaru sosai a lissafin naira, duk da cewa naira ɗin ba ta da ƙarfin da. Zamfara da ƙananan hukumominta 14, har da Gusau da Tsafe da Bungudu, suna da kasonsu. Ma'ana, wani ɓangare na abin da ya fita daga kuɗin taranka ya zagayo ya dawo jiharka.

Ana iya ganin wasu wuraren da kuɗin gwamnati ke taɓa ɗalibi kai tsaye. Yayyenku za su tuna lokacin da bashin kuɗin jarrabawar WAEC da NECO ya taru a kan jihar har aka riƙe sakamakon ɗalibai, kafin gwamnatin Dauda Lawal ta biya, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwambar 2023. A matakin tarayya, asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayun 2024, kuma zai iya yi muku amfani idan kun shiga manyan makarantu. Waɗannan ba kyauta ba ce daga aljihun wani. Dukiyar jama'a ce, da taku a ciki. Saboda haka idan rufin ajinku na yoyo, ko kuna zaune a ƙasa, tambaya cikin ladabi ba rashin kunya ba ce.

Aikin gida

Ga abu uku da nake so kowane mai karanta wannan shafi ya gwada. Na ɗaya, ka ware shafi a bayan littafinka, ka zaɓi kaya biyar da ake saya a gidanku, kamar tiyar gero, kwalbar man gyaɗa, sabulu, litar fetur da kuɗin mota zuwa makaranta. Ka rubuta farashinsu a farkon kowane wata. Bayan zango biyu za ka iya fitar da kashi cikin ɗari da kanka, ka ga ko abin da ake faɗa a rediyo ya yi daidai da kasuwar garinku. Ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida ta makarantarku na iya manna sakamakon a allon sanarwa.

Na biyu, duk lokacin da ka ji an sanar da sabon tsari, tallafi ne ko haraji ko hana shigo da wani kaya, ka yi tambaya uku: wa zai amfana, wa zai biya, kuma me zai faru baɗi? Wanda ya saba da waɗannan tambayoyi ba a ruɗarsa da daɗin baki, ko daga masu mulki ko daga masu adawa. Nan da 'yan shekaru kuri'a za ta shiga hannunku.

Na uku, ku tausaya wa iyaye. Idan Baba ya ce babu, sau da yawa da gaske babu. Littafin da bai cika ba a ci gaba da shi, takalmin da zai gyaru a kai wa mai gyara, wanda kuma ya samu damar koyon ɗinki ko gyaran waya ko kiwon kaji a lokacin hutu kada ya raina.

Ranar Litinin da ta biyo baya, ƙanena ya karɓi ɗari biyunsa bai ce uffan ba. Da ya dawo na tambaye shi ko ya gano wanda ya cinye masa kuɗin tara. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini jerin da ya yi: ɗan bindiga, fetur, dala, shinge, haraji. Sunan mai ƙosai na can ƙasa, ya ja masa layi ya soke.

"Yau na gaishe ta, Yaya," in ji shi. "Har ta yi mini gyara guda ɗaya."